Ni Ne "Bawan Allah" Da Ya Sa Wa Ɗakin Kwamfutarku Sola

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Harkar Kuɗi na jami'ar da 'yata ke karatu a nan Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe.

Farfesa, a sakandare karatuna ya tsaya. Daga Zariya na sauka Abuja da jaka ɗaya. Na yi tallan tocila a kasuwar Gudu, na kama rumfa, yau shagunan sola gare ni. Na gina gida a Kurudu, na kai mahaifiyata Makka. Ba ubangida, ba ɗan siyasa, sai Allah.

Ga kukana:

1. 'Yata Rukayya tana cikin ɗalibanku masu koyon manhajar nan da ma'aikatan banki ke bin farashin hannun jari da canjin kuɗi da ita. Bara ta dawo gida ranta a ɓace: suna tsakiyar gwaji aka ɗauke wuta, allo ya yi baƙi, aikin ajin duka ya tafi. Ba wanda ya roƙe ni. Na kawo faifan sola da batura da inbata, ni da kaina na hau rufin ɗakin kwamfutar nan.

2. Ranar buɗe ɗakin aka yaye ƙyalle, sai ga allo a bango: "Gudummawar wani bawan Allah." Wai an ɗauka zan so a sakaya sunana saboda lada. Wa ya tambaye ni? Ladana tsakanina da Ubangijina ne, ba aikin kwamitinku ba ne.

3. Yanzu wani mai neman kansila yana yawo a unguwa, in an ce ko shi ne, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. A kasuwa kuwa ni aka mayar maƙaryaci. Ɗan kasuwa da maganarsa yake ci, Farfesa. Ita ma Rukayya tun da ta ce aikin babanta ne, 'yan ajinsu ke mata dariya. Ta daina faɗa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

4. Makon jiya inbata ta fara kuka, ga jarrabawa ta ƙarato. Ba bawan Allah kuka nema ba. Lambata kuka kira, da sunana kuka gaishe ni. Ashe kun san shi.

Zan zo in gyara, don yaran ba su yi mini laifi ba. Amma ina so in shigo ɗakin nan gaban 'yata in tarar an sauke wancan allo.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya, ya ba yaran sa'a.

A rubuta sunana cikakke a sabon allo, da manyan baƙaƙe, yadda na baya a aji zai iya karantawa. Ga shi nan a ƙasa, kada a rage ko harafi.

Wassalam.

ALHAJI ILIYASU TANIMU MAI SOLA, GUDU