Faifan Makaɗi Mantau

Sabon Gari, Gusau,
9 ga Mayu, 2023.

Zuwa ga abokina Malam Abdullahi Mantau, Bungudu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗaliban makaranta. Mu ma lafiya lau, sai gwiwa da ta sa ni gaba.

Malam, albishirinka. Faifan garmahon da ka kawo min, wanda ka ce kun tarar a ƙasan akwatin marigayi mahaifinka, na goge shi, na sa sabuwar allura, na juya shi sau ɗaya tak, yadda nake yi wa kowane faifai, don allurar ƙarfe cinye shi take yi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsaron ɗakin faya-fayai a gidan rediyo, ga sha biyu da ritaya ina bin kasuwanni da gidajen mutane ina tarawa, ban taɓa jin muryar Makaɗi Mantau na Bilbis ba sai a labari. Iyakar sanina wannan kaɗai ya rage a duniya. Waƙoƙin noma ne guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Kai, Malam! Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba sai da na ji kamar in nemi gona.

Na shigar da shi kundina a lamba 418. Mawaƙi, Mantau. Wurin ɗauka, Gusau. Shekara, 1961.

Ga takarda nan a ciki, ka sa hannu in kwafi muryar a kwamfuta. Ka san ƙa'idata, ba na kwafar faifan kowa sai magada sun sa hannu. Ka hanzarta, irin wannan baƙin faifai kamar tangaran yake, faɗuwa ɗaya ta ishe shi.

Ka huta lafiya.
Naka,
Bulus Ayuba.

*

Bungudu,
13 ga Mayu, 2023.

Malam Bulus,

Bayan gaisuwa. Na ga kiranka har sau huɗu, da gangan na ƙi ɗagawa. A rubuce nake son maganar nan, don kada gobe wani ya ce bai ce ba.

Me ka rubuta? 1961? Ka san abin da ka rubuta kuwa? Duk wanda ya san gidanmu ya san mahaifina ya ajiye kiɗa a shekarar 1958. A ƙofar masallaci, bayan an idar da Juma'a, ya yanke igiyoyin gangarsa da wuƙa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi ba kiɗa har ya koma ga Allah. Shekara ashirin da shida ke nan ina rufe tafsirin azumi da wannan labari, manya suna share hawaye. Sunansa ne a kan allon makarantata. Ni da aka goranta wa “ɗan maroƙi” tun ina ajin firamare, da wannan rantsuwar na ɗaga kaina a cikin mutane. Yau kai kuma, da biro ɗinka na naira hamsin, ka zauna ka mai da shi wanda ya dafa Alƙur'ani ya karya bayan shekara uku?

Amana na kawo maka, saboda zaman da muka yi tun muna makarantar horon malamai. Cewa na yi ka duba min abin da ke ciki. Ban ce ka tono min kabari ba. Ina ka taɓa ganin mahaifina? Ina kake a 1961? Wandonka ma ba ka iya ɗaurawa ba.

Ba zan sa hannu a takardarka ba. Abu biyu ne. Ko ka mai da shekarar 1957, wadda na tabbata ita ce gaskiya, ko ka ba ni kayana in san yadda zan yi da shi.

Wassalam.
Abdullahi Mantau.

*

Gusau,
17 ga Mayu, 2023.

Malam Abdullahi,

Ina gaisuwa, ko da yake ban ga alamar kana buƙatarta ba.

Ni kake ce wa in gyara shekara? Ni Bulus? Haba Malam! Kai da ke hawa mumbari kana ce wa mutane kada su tauye mudu, yau ni kake so in tauye shekara huɗu cur?

To saurara, tunda ka ɗauka caca nake yi. Ɗaga kowane faifai ka karkata shi a haske, dab da takardar tsakiya za ka ga wata lamba da aka buga a jikinsa. Wannan lamba a ranar ɗauka ake bayarwa, bi da bi, kamar layin asibiti. Ta mahaifinka 2231 ce da 2232. A kan kantata akwai 2214 na kamfani ɗaya, kuma mai waƙar cikinsa yana murnar an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu. Wato bayan Oktoban 1960 ke nan. Akwai 2240, wanda mai shagon da ya sayar ya buga wa hatimi da kwanan wata, ƙarshen 1961. Naka yana tsakani. Ka faɗa min ta inda 1957 za ta kutso nan, ta taga?

Kana tsammanin daɗi na ji? Da takardarka ta iso, kwana uku na yi ina zazzage kwalaye ina neman inda zan kama kaina da kuskure. Matata Talatu har ta ce ko na haukace. Na so a ce ni ne na yi shirme, in ba ka haƙuri a wuce wurin. Ban samu ba.

Faya-fayai ɗari huɗu da sha takwas ke cikin kundin nan, kowanne da ɗan'uwansa nake gane shekararsa. In na matsar da naka, sauran duk sun zama ƙarya. Ba zan yi ba, ko kai ne ka haife ni.

Faifai naku ne, ban musa ba. Amma kalmar nan taka ta “in san yadda zan yi da shi” ba ta kwanta min ba. Kana da yaya a Tsafe, ita ma 'yarsa ce, kuma ta girme ka da shekara goma. Ka tambaye ta.

Sai ka huce.
Bulus.

*

Bungudu,
19 ga Mayu, 2023.

Assalamu alaikum Yaya Halimatu,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya ƙarfin jiki, ya jikoki. Na haɗo miki da takardun Bulus guda biyu ki ga cin mutuncin da ake shirin yi wa Baba. Ke ce kika yi wayo a lokacin. Ki rubuto min layi biyu kawai da hannunki, cewa tun ranar da Baba ya yanke igiyar ganga bai sake kiɗa ba. Zan kai masa in ajiye a gabansa, in karɓo faifan. Ki ba Mannir direba amsar, gobe zai biyo ta Gusau.

Allah ya ƙara miki lafiya.
Ƙanenki, Abdullahi.

*

Tsafe,
21 ga Mayu, 2023.

Audu,

Wa'alaikumus salam. Jiki da sauƙi, jikoki suna gaishe ka. Layi biyu kac ce, to ga abin da ya fi layi biyu, ka zauna ka karanta.

Shekara saba'in da ukku gare ni, ƙafata ɗaya na kabari, kai kuma ka aiko min in yi shaidar zur? Kai Audu, ka ji tsoron Allah. Bulus bai yi ƙarya ba. Baba ya yi kiɗin nan, kuma da idona na ga tafiyarshi.

Kai mi ka sani? Labarin ƙofar masallaci ka riƙe, don shi ke sa mutane kuka. Ba ka taɓa tambayar mi munka ci bayan nan ba. Makaɗin noma ba ya noma, Audu. Manoman da yake yi wa kiɗi su ke nome mishi gona, da kaka kowa ya aiko da dami. Ranar da ya yanke igiyar nan an yi ta kabbara, ana rungumarshi. Da kaka ta zo, ko zangarniya ɗaya babu wanda ya aiko. Mutumin da tun yana yaro sandar kiɗi ce a hannunshi, sai ga shi da fartanya, tafinshi duk ya kwaile. Damina ukku muna haka. A ta ukkun anka riga anka haife ka, rumbu wayam, Inna na shan ruwan ganyen tafasa, nono ya ƙafe. Kuka ma ba ka iya yi da ƙarfi. Ni ke goyonka, ina jin ƙasusuwanka a bayana.

Sai anka ce Turawan faifai sun sauka Gusau suna neman makaɗan noma. Baba ya tako da ƙafa daga Bilbis har Tsafe, ya hau bayan babbar mota, ya ari gangar wani. Kwana biyu ya dawo da buhu biyu na gero. Kafin mu ɗanɗana, sai da ya sa ni da Inna munka daka, anka yi tuwo anka ciyar da mabuƙata goma, kaffarar rantsuwarshi. Ya fi wata bai iya haɗa ido da liman ba. Wannan geron shi ya tsai da kai a duniya, har ka girma kana hawa mumbari kana alfahari da shi.

Kunya kake ji? Ni kunyarka nike ji. Ubana ya karya rantsuwa don kada ɗanshi ya mutu, ya biya abin da shari'a ta ce, kuma bai sake komawa ba. Da anka aiko mishi faifan, shekara ashirin da bakwai ya yi yana raye da hannuwanshi biyu, bai fasa shi ba. Kai wa ya ba ka?

Rabona da muryar Baba tana waƙa tun ina 'yar shekara takwas. Ran Asabar zan shiga mota in je Gusau in ji shi, ko sau ɗaya, kafin in mutu. Kada ka riga ni. Gado ne, kana da biyu ina da ɗaya. In ƙarfi za ka nuna min, to wallahi ban yafe kasona ba.

Allah shi shirye ka.
Yayarka, Halimatu Sadiya.

*

Gusau,
25 ga Mayu, 2023.

Hajiya Halimatu, ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri tun kafin ki karanta. Wayarki ba ta shiga, shi ya sa na garzaya tasha da wannan. Kada ki wahalar da kanki ran Asabar. Faifan ba ya hannuna.

Ƙanenki ya zo yau da hantsi, ya ƙi ko zama. Ya miƙo min takardarki ya ce in karanta in ji daɗi. Na karanta, kuma ban ji daɗi ba. Na ce ya jira ki zuwa jibi, ya ce shi ya kawo, shi zai ɗauka. Na ce to ya sa hannu in kwafa, minti bakwai ne duka, in rufe a durowa kada kowa ya ji sai ku biyu. Ya ce a'a. Na wana hannun garmahon, na sa allura, na ce, “Malam, ko minti ɗaya ka tsaya ka ji ubanka.” Sai ya daka min tsawa a cikin ɗakina, a gaban matata, ya ce in na saki allurar nan ba ni ba shi har abada. Ni ma na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita miki ba. Na naɗe masa shi a tsumma na sa tsakanin kwali biyu, ya fita ko sallama babu.

Hajiya, haushin kaina ya fi wanda nake ji nasa. Mako uku faifan nan yana ɗakina, kwamfuta tana gefe. Ba wanda zai sani. Na tsaya ina jiran sa hannu saboda ƙa'idar da ni na kafa wa kaina, ga inda ta kai mu. Kuma tunda na san ke magajiya ce mai iya sa hannu, me ya hana ni zuwa Tsafe tun farko? Ban yi tunani ba, kawai.

Shekarar tana nan a kundi yadda na rubuta, ba zan taɓa ta ba. Ki aika masa da wanda yake jin nauyinsa, yau ba gobe ba.

Allah ya ba ki haƙuri.
Bulus Ayuba.

*

Bungudu,
26 ga Mayu, 2023.

Assalamu alaikum Yaya,

Na karanta takardarki sau uku. Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ba zan rayu in ga ana juya Baba a wayoyin yara ana cewa ga kiɗin da ya yi bayan ya dafa Alƙur'ani ba.

Kin ce ba ki yafe kasonki ba. Yana cikin ƙyallen nan da Mannir zai ba ki, na zaɓar miki ɓangaren faifan da sunansa ya fito. Ki buɗe a hankali, bakinsa da kaifi.

Bulus zai gaya miki na ƙi saurara. Gaskiya ne. Na san in na ji muryarsa ba zan iya ba.

Ki yafe min in kina iyawa.
Ƙanenki, Abdullahi.