Ƙugiya a Gaban Mota

Lahadi da dare, 12 ga Yuni, 2005

Har yanzu hannuna warin giris yake. Da safe na sa wa a-kori-kurata ƙugiya biyu a gaba, da kaina, a ƙofar gidanmu na unguwar Treichville. A jikin shasi na ɗaure su, don bara igiya ta fizge min bamba sa'ad da ake jawo ni daga ruwan da ke taruwa a mahaɗar Indénié.

Maƙwabcina Isufu yana ta dariya: "Alhaji, ƙugiya a gaba? Wato kai za a riƙa ja ke nan!"

Da la'asar aka tsuge da ruwa. Sai ga wayarsa, wai motarsa ta mutu a Indénié. Da ribas na jawo shi, muna fuskantar juna. Ƙugiya ko gezau. Shi kuwa har muka fita daga ruwan, sitiyari yake kallo.