Sunan Surukata a Gaban Malamai

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar taki? Mu nan Roni lafiya lau.

Yaya, tsoro ya hana ni sakat. Ƙungiyarmu ta manazarta adabi ta hana rubuta "in ji wata tsohuwa". Duk macen da aka ɗauki waƙarta, sai an ambaci sunanta kamar na maza. Har da ni a masu goyon baya. To, waƙoƙin tatsar nonon da zan gabatar a taronmu na Kazaure na surukata ne! Ban taɓa kama sunanta ba, ga ɗanta zai halarta. Ita ta ce, "Faɗa da ƙarfi, 'yar nan." Bakina ne ya ƙi.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Baffa.

Ƙanwarki,
Rabi