Takalman Auta Ba Su Taɓa Ƙura Ba

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Da fatan ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace.

Inna, hoton ƙanwata Auta cikin kayan makaranta da Gwaggo ta aiko miki, wanda kike nuna wa maƙwabta, ƙarya ce tsagwaronta. Jiya na rufe wurin facina na je gidan Gwaggo ba sanarwa. Kayan makarantar suna rataye a ƙusa, har yanzu da karin shago. Na juya takalman, ƙasansu fes, ko tsakuwa ba su taɓa takawa ba. Shekara guda fa tana gidan!

Auta kuwa na same ta a ɗakin baya, gaban buhu, tana ƙulla garin sabulu a ƙananan ledoji, wanda Gwaggo ke sarar wa masu shaguna. Yatsunta duk sun tsattsage, tana ta atishawa. Na rubuta sunanta a kwali na miƙa mata, ta riƙe shi a juye tana murmushi. 'Yar shekara tara!

Gwaggo ta ce tarbiyya take ba ta, wai ni da ban taɓa zama a aji ba me na sani. Eh, a tsofaffin jaridu na koyi karatu, shi ya sa na san abin da ake sace wa yarinyar nan.

Ki ba ni izini in ɗauke ta.

Ɗanki,
Bakin Reza

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa, ya jiki? Saƙonki ya iso: in yi haƙuri, Gwaggo ƙanwar Baba ce, kada a ji kanmu. Inna, a ji mana! Zumuncin da sai fatar hannun Auta ta saɓule zai tsaya, ni na yafe shi.

Ki gafarce ni, ban jira ba. Na ɗauko ta ranar Litinin, da kayan da takalman, tunda da sunanta aka saya. Gwaggo ta biyo ni har titi tana tsine mini, na ce Allah ya ba da kasuwa. Shugabar makarantar bayan garejinmu ta karɓe ta, aji ɗaya, cikin ƙananan yara. Ta fi kowa tsawo, ko a jikinta.

Na san ba kya karatu, amma karɓi takardar daga hannun mai karanta miki ki duba ƙasa. Wannan karkataccen abin mai kama da tsani, harafin farko ne na sunanta. Fensirin na ba ta wahala, yatsun ba su gama warkewa ba. Shi za ki nuna wa maƙwabta.

Takalman kuwa sun yi butu-butu, ni nake wankewa.

Ɗanki,
Bakin Reza

A