Maganin Manya a Bakin Jariri

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Allah ya ƙara tsare ka a inda kake. Mu nan kowa ƙalau, ƙafar babanku ta yi sauƙi, yayarka ma ta koma aiki. Akwai abin da ban iya faɗa maka a waya ba, don kunya da kuma mamaki.

Ka san yadda ɗanka, angon nawa, ya zo duniya. Kwana biyu da haihuwa leɓɓansa suka yi shuɗi, aka sa shi a kwalba da robar iska a hanci. Likitar yara, wata siririya mai tabarau, ta zaunar da ni da maijego, ta ce jijiyoyin huhunsa ne suka tsuke, kuma akwai maganin da take so ta ba shi, sai dai ba don jarirai aka yi shi ba. Da ta faɗi ko na mene ne, sai da na ja mayafi na rufe fuska. Auta, maganin ƙarfin maza ne! Na ce yaron da bai yi sati ba, ina shi ina wannan? Ta yi murmushi, ta ce shi aikinsa buɗe jijiya, bai san babba da yaro ba.

Na tambaye ta, in dai yana yi, me ya hana a rubuta a jikin kwalin. Ta ce kamfani ba ya kashe kuɗin gwaji sai inda kasuwa take, masu irin ciwon ɗanka kuwa ba su da yawa. Doka ta hana su tallata shi a kan abin da hukuma ba ta tantance ba, kuma wai gara haka, don ba kowane ɗan kasuwa ke tsoron Allah ba. Ita kanta ba ta ba shi ba sai da manyan likitoci biyu da mai haɗa magani suka duba suka amince. Ba ta ɓoye mana cewa jininsa na iya sauka ba. Matarka ta sa hannu a takardar amincewa.

A gabana mai haɗa maganin ya daka ƙwaya ɗaya, ya narka, ya zuƙi abin da bai fi ɗigon hawaye ba a sirinji. Na ce a raina, wannan ne zai yi? Ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kwana uku ina kallon lambobin na'urar auna iskar jininsa suna hawa a hankali. A na huɗu leɓɓan suka koma ja, aka zare robar, ya callara kukan da ma'aikaciyar jinya ta toshe kunne. Ni kam ban taɓa jin kuka mai daɗinsa ba. Na tsufa ban san Allah kan ajiye waraka a inda mutum ke jin kunyar dubawa ba.

Babanku da yayarka da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaida Kawunka da iyalinsa. In ka ga rubutun ya karkace, kada ka ce tsufa ne. Angon yana kan cinyata, ya damƙe mini yatsa ya ƙi saki.

Taka,
Inna