Maganin da ke cikin kwallar Inna

Zuwa ga maigidana, Baban Balki, can Abijan.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zaman baƙunta, da fatan kana lafiya kai da abokan ɗakinka. Mutanen gida suna gaisuwa. Gero ya shiga rumbu, awaki ƙalau. Ɗiyarka ce ba ƙalau ba, kuma da hannunka a ciki.

Na san za ka ji haushin ganin wannan takarda a fili. Kai ka fara. A zauren dangi na waya ka saki murya, kowa ya ji, ka ce a daina ba Balki maganin shaƙa, wai na ɗora yarinya ƴar shekara bakwai a kan ƙwayar ƙiba. Sau uku na kira ka, sau uku ka ce ka riga ka yi magana. To yau ka zauna ka ji tawa.

Bara lokacin sussuka ba ka nan. Ƙaiƙayi ya tashi, na waiga na ga Balki zaune gindin turmi, kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na fito. Ko "Mama" ta kasa ƙarasawa. A amalanken jaki na fitar da ita daga Bazaga, sannan muka samu mota zuwa Ƙonni, ina riƙe da ita ina ƙirga numfashinta.

A can likita ya ce asma ce, abin da Innarka ke kira huka. Aka ba mu abin shaƙa biyu. Shuɗin na lokacin da ciwon ya taso ne. Mai ruwan ƙasa kuwa safe da yamma ake shaƙarsa, ko tana lafiya, don shi ke kwantar da kumburin hanyar iska tun kafin ta toshe. Majo, ma'aikaciyar jinyar da ta koya mini yadda ake ba ta, ta huda gindin gorar roba ta soka maganin a ciki, Balki na shaƙa ta bakin gorar, in ta gama ta kurkure baki.

Kana tsammanin ban yi tambayar da kake taƙama da ita ba? Na yi, tun ranar farko. Majo ba ta ɓoye mini ba. Ta ce gidansu ɗaya da ƙwayar da mata ke haɗiya don su yi jiki, amma wannan ɗan mitsitsi ne, kuma huhu yake nufa kai tsaye. Kowane wata ina komawa, su auna ta, su duba tsawonta. Nan muke haɗuwa da wasu iyaye mata, mai sabon ciwo ta koya wurin mai tsohon. Har takarda aka rubuta mini na kai wa mushenta, malamin da ke koya musu boko a lakwal, don ya san abin yi in abin ya taso mata a aji.

Wata takwas muka yi lafiya. Ta koma tsallen igiya. Ta daina tari da safe. Kowace Juma'a tana karanta maka haddarta in tura maka, kai kuma ka maido da murya kana dariya, kana cewa ɗiyarka akwai murya.

Sai wani a ɗakinku ya kunna maka muryar wani mutum da ba ka san ko sunansa ba, wanda bai taɓa ganin Balki ba. Ka duba hoton sallarta ka ga kumatu, shi ke nan ka yanke hukunci. Kumatun nan na tuwo ne, Baban Balki. Yarinyar da ke samun numfashi tana cin abinci, tana barci. Da a ce ka tambaye ni, da na gaya maka.

Ranar da muryarka ta iso, Inna ta ɗauke mai ruwan ƙasa ta jefa a kwallarta ta rufe, ta bar mini shuɗin. Ba na ganin laifinta, tana son jikarta. Abin da ta ce kawai: "Ɗana ya hana, sai ya ce a ba ta. Ɗiya ta warke, mi za ta yi da magani?"

Yau sati uku. Tarin ya dawo. Shuɗin da a da sai mu yi wata ba mu taɓa ba, yanzu kullum yana hannuna. Sau biyu mushe na maido ta gida. Raina a ɓace yake da kai, ɓacin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidanku.

Gobe zan mayar da ita Ƙonni, ka yarda ko ba ka yarda ba. Amma ba na so ɗiyarka ta riƙa shaƙar magani a bayan ɗaki tana leƙen kakarta kamar mai sata. Majo ta ce ka kira ta, za ta amsa maka duk abin da ke ranka. In ka ji, ka koma zauren nan da ka yi magana, ka gaya wa Inna ta buɗe kwalla.

Na san tsoro ne ya sa ka. Ban manta yadda kake saɓa ta a wuya kuna zaga kasuwar Illela ba, tana riƙe da kunnuwanka. Uban nan nake rubuta wa.

Juma'ar da ta wuce ka ce karatun Balki ya zo maka a yanke, rezon waya ba kyau, mu sake turowa. Rezo ƙalau yake. Sau huɗu ta fara surar, ba ta kai ƙarshen aya ta biyu ba. Wanda na tura maka shi ne mafi tsawo. Ita ta roƙe ni kada in gaya maka, wai kada Baba ya ce ta daina ƙoƙari. Ka sake saurare, ka kai wayar kusa da kunnenka.

Allah Ya buɗa mata ƙirji, Ya sanyaya mini zuciya, Ya tsare ka inda kake, Ya maido mana da kai ka ji karatunta har ƙarshe. Amin.

Matarka,
Habsu