Sunaye Tara a Shafin Godiya

Daga: Juwairiyya Khalilu, malamar firamare,
Unguwar Rimaye, kan hanyar Dawakin Tofa, Jihar Kano,
a madadin mahaifinta, Malam Khalilu Abdulkabir.

23 ga Mayu, 2024

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Babban Digiri,
Cibiyar Tsamiya ta Nazarin Gudanar da Mulki da Tsare-tsaren Gwamnati, Kano.

Game da: Tona asirin manoma tara a kundin binciken ɗalibinku, Mudassir Fatihu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne da yawun mahaifina, wanda idonsa ya yi rauni. Ƙorafin nasa ne, hannun ne kawai nawa.

1. A ranar 5 ga Agusta, 2023, ɗalibinku ya zo garinmu da takardar gabatarwa mai hatimin Cibiyarku. Ya ce yana digiri na biyu, yana bincike kan yadda ake mayar da gonaki filayen gidaje. Babu wanda ya yarda ya buɗe masa baki, don kowa ya san baki shi ke yanka wuya. Malam Khalilu, da yake shi ke jan sallah a unguwa, shi ya tsaya masa. Ya sa aka karanta masa alkawarin da ke takardar har sau biyu, cewa ba za a ambaci sunan kowa ba, sannan ya ɗauki yaron ya kai shi gida-gida.

2. Ya kai shi ne yadda aka saba a nan: daga babba zuwa na ƙasa da shi. An fara da Baba Dabo, sai Alhaji Muntaka, sai Malam Sama'ilu, sai shi Malam Khalilu na huɗu, har mutum tara. Suka faɗi abin da ya daɗe yana cin su, cewa 'yan kwamitin yanka filaye ba sa zuwa duba gona sai da rani, lokacin da babu ko kara a tsaye, su rubuta cewa fili ne da ba a nomawa, daga nan sai a ga 'yan'uwansu sun fara sauke bulo.

3. Ba zan yi wa ɗalibin ƙarya ba: a cikin kundin ya rubuta Manomi na Ɗaya, Manomi na Biyu, har na Tara. Amma yaro ne mai tarbiyya, ya ga rashin kunya ne ya ci tuwon dattawa ya tashi bai gode ba. Sai ya jera sunayensu a shafin godiya, kowa da sunan mahaifinsa, kuma bai yarda ya sa ƙarami gaba da babba ba. Ranka ya daɗe, ko 'yan aji biyu da nake koyarwa za su iya haɗa na ɗaya da na ɗaya. Malamai uku ne suka sa hannu a kundin nan. Ina tambaya cikin ladabi, babu wanda ya buɗe shafi na huɗu, inda godiyar take?

4. A ranar 16 ga Afrilu, 2024, Cibiyarku ta aika wa kwamitin nan kwafin kundin, wai domin su amfana da shawarwarinsa. Sun amfana. Ɗalibin da kansa ya zo ya gaya mana an aika, yana murna, ya kawo wa mahaifina nasa kwafin mai koren bango. Ni na karanta masa shafin godiya. Sai mahaifina ya sa na maimaita jerin sunayen a hankali.

5. Ranar Talata, 7 ga Mayu, wata farar mota marar lamba ta tsaya a gonar Baba Dabo, aka kafa turakun siminti masu jan fenti a kusurwoyinta huɗu. Ranar Talata 14 ga wata, gonar Alhaji Muntaka. Ranar Talata 21 ga wata, ta Malam Sama'ilu, wadda ke can wani ɓangare dabam, sai da suka tsallake gonaki sama da ashirin kafin su kai gare ta. Ba su ba kowa takarda ba, ba su yi wa kowa magana ba. Wanda ke gaban motar yana riƙe da littafi mai koren bango, irin wanda ke ɗakin mahaifina.

6. Mahaifina ya riga ya kai taki gonarsa, gadon kakansa, irin gero kuma yana cikin tukunya yana jiran ruwa. Amma ba gonar ce ta hana shi cin abinci ba. Sahun masallaci ya ragu. Mutanen da shekara talatin suke gaishe shi a durƙushe yanzu sukan canza hanya. Kullum maganarsa ɗaya ce, shi ya ɗauko baƙon, shi ya ce su yi magana. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushi, ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Saboda haka muna roƙo, da girman Allah, a karɓo kwafin nan daga hannun kwamitin, a cire shafin godiya daga duk inda kundin yake. Mun san wanda ya karanta ya riga ya karanta. Don haka muna ƙara roƙon Cibiyarku ta turo wakilinta da lauya su tsaya a gonar mahaifina da safiyar Talata, 28 ga Mayu, su ga abin da hatiminku ya jawo. Ya ce in gaya muku ba don kansa yake roƙo ba: shi zai tsaya a gonarsa ko kun zo ko ba ku zo ba, amma akwai mutum biyar a bayansa, kuma duk sun san lambarsu.

Allah ya ƙara girma, ya sa a duba da wuri.

Taku cikin ladabi,
Juwairiyya Khalilu

Dangwalen yatsa: Malam Khalilu Abdulkabir, Manomi na Huɗu